Diyyar Haƙuri

Sunan karena Haƙuri.
Ba ni na raɗa masa ba, 'yata Ladidi ce,
ranar da muka tsince shi a bakin kwalbati,
jiƙe sharkaf, bai fi ɓera ba,
yana rawar ɗari.

Shekara huɗu yana kwana a fadama,
shi da kankanata, shi da sauro.
Biri bai taɓa lasar ko ɓawo ba.
Ɓarawo ya zo sau ɗaya, ya bar mana takalmi ɗaya
ya arce da sauri.

Ranar kasuwa, bayan la'asar,
Tsalha mafarauci ya ratso ta gefen gonata
da jan karensa mai guntun kunne, ba igiya.
Ban ga farkon abin ba, ƙara na ji.
Ko da na iso, ƙafar baya ta karye,
wuya a tsage kamar an sa lauje,
jini ya jiƙa rairayi har ya yi tauri.

Na naɗe shi a buhun taki.
Ɗan acaɓa ya ce ba ya ɗaukar najasa,
sai da na ninka masa kuɗi.
Malamin dabbobi a Jahun ya yi ɗinki bakwai,
allura biyu, ya ɗora ƙafa,
ya rubuta dubu tara da ɗari biyar.
Kuɗin irin albasa na miƙa, su ke nan jari.

Na kai ƙara gaban Mai unguwa Ilu,
gindin darbejiya, takarda a hannuna.
Kafin in rufe baki dariya ta ɓarke.
Wani ya ce, "Nomau, ashe ka yi ɗa ba mu ci goron suna ba?"
Wani ya ce kuɗin kare ba ya halatta.
Liman ya ce a'a, mai gadin gona hukuncinsa daban,
amma zai duba littafi, a ɗan bari.

Tsalha ya tuɓe hula ya sosa ƙeya:
"Ni na cije shi? Ku duba haƙorana.
A tara su biyun su yi shari'arsu.
Aljihu kuwa ga shi, ku zazzage,
babu ko na gishiri."

Mai unguwa ya dube ni ya ce, "Nomau, haƙuri."
Daga cikin baro, inda Ladidi ta turo shi,
sai ya ɗaga kai da ƙyar,
ya kaɗa wutsiya sau biyu.
Ya zaci kiransa ake.
Dariyar ta mutu, kowa ya kalli ƙasa,
ba wanda ya sake ambaton haƙuri.

Ga abin da aka yanke:
dubu huɗu, in Allah ya kai mu kaka;
zabi biyu yanzu, don romon majinyaci;
jan karen kuma, da igiya a wuya,
ya kwana gadin kankanata har ɗori ya kama.
Ragowar dubu biyar da ɗari biyar
aka ce in bar wa zaman gari.

Zabin sun zo, ɗaya duk ƙashi ne.
Dubu huɗun har yau ina zuba ido,
takardar na cikin adaka, gara ta fara cin sifirin.
Ni da Tsalha ba ma gaisawa,
in ya biyo ta rijiya, in bi ta makabarta,
ko a masallaci kowa da nasa wuri.

Amma jiya da asuba na sauka ban ruwa,
na tarar da su biyun ƙarƙashin rumfa,
mai ɗingishi da mai guntun kunne,
baya da baya suna sharar barci,
ƙashin zabo ɗaya a tsakaninsu.
Na daɗe tsaye, bokiti a hannu.
Ban tashe su ba
har gabas ta yi fari.